Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sabuwar Sabar Ofishinmu

Ranki ya daɗe, amaryar ɗakin sanyi,

Mu ne ma'aikatan sashen ƙididdiga. Kuka muka kawo, domin kwalliya ta ƙi biyan kuɗin sabulu.

Ranar da kika tare an yi mana shelar cewa ƙwayoyin lissafi 32 gare ki, uwargida kuwa, wato tsohuwar sabar, huɗu kacal. Har manhajar R aka sabunta don karrama ki. Amma lissafin da tsohuwa ke gamawa kafin azahar, ke sai la'asar ta wuce kina nan kina hura iska.

Mun leƙa cikinki, mun ga ƙwaya ɗaya tana gumi, 31 suna hamma. Galibin aikin R ƙwaya ɗaya ke ɗaukarsa, ke kuma kowace ƙwaya taki ba ta kai ta uwargida gudu ba. Tun 1967 Gene Amdahl ya yi gargaɗi: idan rabin aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaya dubu aka tara masa, saurin ba zai wuce ninki biyu ba. Mai sayar da ke bai karanta mana wannan shafin ba.

Sai batun kayan ɗaki. Uwargida tana da OpenBLAS, mai raba lissafin jadawalin lambobi a kan ƙwayoyi da yawa. Wajen sabuntawa aka bar shi a tsohon gida, kika koma BLAS na asali mai tafiyar hawainiya. Da aka dawo miki da shi, sai kika wuce gona da iri: muka raba aiki gida 32, kowane gida ya buɗe zare 32, zare 1,024 suna kokawa a kan ƙwaya 32. Ba ki nutsu ba sai da aka mayar da OMP_NUM_THREADS, mai ƙayyade yawan zare, zuwa 1.

Ga sauran buƙatunmu. A fitar da ke daga tsarin tsimin wuta. Ba don ki yi tattalin lantarki aka biya sadakinki ba. Fayilolin wucin gadi su zauna a faifan SSD na jikinki, a daina aika su ma'ajiyar da ke can ƙarshen waya. Manhajar farautar bairos ta daina caje kowane ɗan fayil da muka rubuta. Idan RAM ya cika, ki faɗa mana, ki bar kwashe bayanai zuwa faifai a ɓoye. Kowane gyara kuma ɗaya bayan ɗaya za a yi shi, da bayanai iri ɗaya, agogo a hannu.

Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Rahoton ƙarshen wata na nan tafe, kuma ki sani har yanzu ba a zare wa uwargida fulogi ba.

Naki masu jiran sakamako,
Ma'aikatan Sashen Ƙididdiga