Ba Kunama Ce Ta Harbe Shi Ba

A teburin mai shayi da ke bakin Ƙofar Dawanau na jawo wa kaina magana. Bayan isha'i ne, motocin hatsi na ta wucewa, sai na kunna wa jama'a Luciano Pavarotti a waya. Ko minti ɗaya bai yi ba wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, wannan bawan Allah kunama ce ta harbe shi, ko bashi ake bin sa?" Teburi ya kwashe da dariya. Na san ku ma masu karatu kuna can kuna gyaɗa kai, kuna cewa baba ya yi daidai. To ku gyara zama, da ku nake.

Mutumin nan da kuke wa dariya ɗan mai gasa burodi ne, an haife shi a Modena ta ƙasar Italiya a 1935. Ya so zama mai tsaron raga, ya koyar a firamare, sannan a 1961 ya shiga opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi tun daga sallama har bankwana. Irin muryarsa suke kira teno, muryar namiji mai hawa sama ba tare da ta koma ta mata ba. Ga abin da ba ku lura da shi ba: a zauren opera ba makirufo. Ƙirji ne kawai da maƙogwaro, ga makaɗa sun fi hamsin a gabansa, kuma dole na kujerar ƙarshe ya ji. A 1972, a wani zauren New York mai cin mutum kusan 3,800, ya taka muryar nan ta can ƙoli sau tara a waƙa ɗaya. Ku kuwa, in za ku kira ɗan sahu daga tsallaken titi sai kun haɗa da tafi.

Wani a gefena ya ce, "To mu ina ruwanmu?" Ruwanku a ciki tsundum, domin sana'ar nan kun san ta, sunanta ne kawai ya zo muku da baƙunta. Wa ya ba Mamman Shata makirufo a dandalin Musawa? Yaron da aka haifa a 1923, yana tallan goro, mahaifinsa ba ya ko son jin zancen waƙa, ya buɗe baki kalangu suka koma bayansa. Kuma a garin nan namu na Kano tauraronsa ya fito sosai, a Bikin 'Yan Sarki na 1952. Ku tuna amon kalangu in an haɗa su da yawa, ga 'yan amshi, ga guɗa, ga maroƙa kowa na nasa, amma muryar Shata tana bisa kamar mai a kan miya. In kuma zaƙin murya da hawa sama kuke nema, ku koma kan Musa Ɗanƙwairo da kotsonsa, ku ji yadda yake ɗagawa yaransa suna tare masa ta ƙasa. Da a Italiya aka haife shi, da tuni an sa masa baƙar kwat an miƙa masa farin hankici.

Ku ma 'yan boko da kuke murmushi, kuna cewa ina Shata ina Pavarotti, ban manta da ku ba. Pavarotti waƙar wasu yake rerawa, irin su Verdi da Puccini, an rubuta an ajiye tun kafin a haife shi. Shata kuwa nan take yake ƙera tasa: ya dubi mutum, ya ji sunan ubansa da garinsu, kafin a juya kiɗa ya ɗinka masa riga daidai wuyansa. Jami'ar Ahmadu Bello ba don kyan fuska ta ba shi digirin girmamawa ba. A numfashi da tsawon jan murya na ba Baitaliye, ba gardama. A hikimar baki kuwa, ya jira a waje.

Da na ce a Berlin, a 1988, an yi ta kiran Pavarotti gaban labule har sau 165 ana tafi fiye da awa guda, sai Kanawana suka nuna hali. Mai shayi ya tsayar da zuba madara ya ce, "Tafi zalla? Ba liƙi, ba doki, ba makullin mota?" Na ce kuɗin ƙofa ake biya. Ya ce, "Au, ashe suna da hankali." Amma kada ku ɗauka tafin kyauta ne. A 1992 murya ta ɗan karce masa a zauren La Scala na Milan, mutanen ƙasarsu suka yi masa ihu. Ashe 'yan teburin shayi a ko'ina akwai su.

Shata ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Pavarotti ya bi baya a Satumbar 2007, a garinsu Modena. Dattijon nan dai bai sauka daga bakansa ba, sai dai kafin mu tashi ya ce in sake kunna masa "mai kunamar nan", wai yana son ya tabbatar.

Wanda har yanzu yake ganin ihu ne kawai, ya zo gobe bayan isha'i. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ja baiti ɗaya ba lasifika, ni kuma in tsaya a tsallake. In na ji abin da ya ce, shayinsa da ƙwai biyu a kaina.