Daga Galasgo Zuwa Dakoro: Bayani Kan Neman Abokan Tafiya

Zuwa ga Yaya da dukan mutanen gida.

Yawon ƙafa a ƙasar Sikotilan aikin wanda ya ƙoshi ne. A Dakoro ana taka sayyada idan akwai rijiya ko kasuwa a gaba. A nan kuwa mai mota yakan kulle motarsa, ya saɓa jaka, ya hau dutse cikin ruwan sama, ya tsaya a ƙoli minti biyar, ya sauko bai sayo ko gishiri ba.

Mai wannan wasiƙa, ƙanen Yaya, ya faɗa harkar ne saboda ƙagaggen labarin da yake rubutawa a kan mutanen ƙasar. Yana da hujja. A 1824 wani ɗan Sikotilan, Hugh Clapperton, ya shiga Kano da Sakkwato, ya zauna gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, yana tambaya yana rubutawa. Ya sake dawowa, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Shekara ɗari biyu ke nan, Dakoro ba ta rama ziyara ba, alhali zumunci a ƙafa yake.

Matsalar ita ce ba a samun mutanen nan a zaune. Babu fada a gindin itace, babu butar shayi tana zagaye uku, kuma a cikin bas kowa wayarsa yake kallo. Bakinsu ba ya buɗewa sai ƙafa na motsi. Don haka marubucin ya manna takarda a allon sanarwa na wani ɗakin karatu, yana neman abokan tafiya. Mutum uku suka amsa: tsofaffin mata biyu, da wani dattijo mai kare. Karen yana da rigar ruwa, marubucin ba shi da ita.

Duwatsun da ake hawa suna da lissafi. Waɗanda suka haura mita 914 ana kiran su Munro, da sunan Hugh Munro da ya jera su a 1891. Yanzu 282 ne, babbansu Ben Nevis mai mita 1,345. Mutum yakan faɗi nawa ya hau kamar yadda attajiri ke faɗin buhunan hatsinsa, sai dai shi ba ya tsoron zakka. Akwai kuma doguwar hanyar ƙafa daga Milngavie zuwa Fort William, kilomita 154, wadda ta fi tazarar Dakoro da Maradi. Sunan garin farko Mulgai ake faɗinsa, sauran haruffan ado ne. Wata doka ta 2003 ta ba mai tafiya izinin ratsa mafi yawan filaye muddin bai yi ɓarna ba, wato burtali ne na mutane.

A hawa na farko, tsohuwa mai shekara saba'in da biyu ta bar ɗan Dakoro a baya yana haki, shi da ya tashi yana bin jaki. Da ya iske ta, tana tsaye gaban wani kango na duwatsu, babu rufi, tumaki na kiwo a tsakar ɗakin. Nan ta zuba masa shayi mai madara, ta ce kakanninta daga irin wannan gida aka kore su. A ƙarni na 18 da na 19 masu filaye sun tashi ƙauyukan manoma don su zuba tumaki, jama'a da yawa suka haye teku zuwa Kanada da Amurka. Wanda ya girma kusa da kwarin Tarka ba ya bukatar tafinta a maganar gona da dabba. Ya ciro littafin rubutu, ruwa ya jiƙa shi.

Sauran al'adu ba su da wuya. Babban abincinsu zuciya da hanta da huhun tunkiya ne da aka niƙa da hatsi aka cusa a tumbi. Sun ɗauka baƙo zai tsorata, har sai da ya tambaye su yaji. Algaitarsu tana da salka a hammata. Da bazara akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo, waɗanda sauron damina zai ba su sarauta.

A gaya wa Inna ɗanta bai ɗaura zanen mazan nan ba, ko an ga hoto aro ne. Ya hau dutse biyu, saura 280, littafi kuma yana shafi na goma sha ɗaya.