Masu Zarya a Ofishin Biyan Kuɗi

Sashen biyan kuɗi shi ne ɗakin da duk bashin da ake bin ma'aikata yake zuwa ya kwana. A sakatariyar ƙaramar hukuma yana ƙarƙashin ma'aji, muƙamin da aka gada tun zamanin baitulmalin En'e. A kamfanin casar shinkafa kuwa tebur ɗaya ne da akanta ɗaya. Aikin ba shi da wuyar faɗi: a karɓi takardar neman biya, a gwada ta da takardar oda da shaidar cewa kaya sun shiga sito, a rubuta bauca, odita ya duba, manya su sa hannu, a tura banki. Wahalar wuri guda take: akanta ake gani, amma kuɗin ba a hannunsa suke ba. Kason ƙananan hukumomi daga Abuja yake fitowa wata-wata, ya kuma daɗe yana bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura musu kai tsaye. Mai bin bashi ba ruwansa da wannan, fuskar da ya sani ita zai bi. A ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗejiya, daga Birniwa har Kafin Hausa, masu bin nan iri-iri ne.

Akwai mai zaman dirshan. Yakan riga masinja zuwa, ya kama benci a gindin maina, kuma ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Makaminsa gaisuwa ce: "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya ƙoƙari?" har sai akanta ya gaji ya tayar da maganar kuɗin da bakinsa. Ba ya rufa wata uku sai ya fi ma'aikatan sanin inda kowane fayil ya kwana, sabbin 'yan kwangila ma wurinsa suke fara tsayawa.

Ɗan lelen manya ba ya zaman benci. Da babbar riga da ƙamshin turare yake shigowa, waya a kunne, ya miƙa wa akanta: "Ga Onarabul, yi magana da shi." Jiya aka buɗe fayil ɗinsa, yau yake son ganin alat. In an biya shi, 'yan benci su ji labari kafin azahar. In ba a biya ba, akanta ya fara jin ƙishin-ƙishin za a mayar da shi wani ƙauye da ba a shiga sai a kwalekwale in damina ta yi nisa.

Wanda yankin ya keɓanta da shi kuwa shi ne mutumin da ruwa ya ci wa rasit. Hujjarsa tana da tushe. Kogin Haɗejiya, mai saukowa daga madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano, yakan cika ya batse, ga ciyawar kacalla ta toshe masa hanyoyi. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun rushe gidaje sun cinye gonaki a Auyo da Kafin Hausa da kewayen Haɗejiya, kuma takardun mutane da dama sun tafi da gaske. Sai dai tun daga nan ruwan ya koyi zaɓe. Yana cin rasit ɗin kayan da aka kawo a watan Maris, lokacin da akuya ke ƙetare rafi a ƙafa. Yana ɗauke takardar shaidar kammala aiki, ya bar ta neman biya a bushe ƙayau. Akanta ba shi da damar ƙaryatawa a fili, don a garin da kowa ya tafka asara ba a wasa da zancen ambaliya. Dole ya jajanta, ya yi addu'ar Allah ya mayar da alheri, sannan ya faɗi a hankali cewa bauca ba ta tafiya sai da rasit. Daga ranar sunansa ya zama marar imani.

Mai lissafin ka, kamar kafintan da ya kai bencina makarantar firamare, bai taɓa kuskuren lissafi ba, bai kuma taɓa yin daidai da na ofis ba. Doka ta ɗora wa ma'aikatun gwamnati cire haraji tun kuɗi ba su fita ba, ciki har da VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020. Ana iya zana masa lissafin sau uku a bayan ambulan. Zai gyaɗa kai ya ce, "Na gane, Malam," ya fita ya shaida wa 'yan majalisarsu cewa akanta ya yanki rabonsa. Kusa da shi akwai mai kukan bai ga alat ba: lambar asusun banki goma ce, shi tara yake kawowa, ko ya kawo goma cif amma na amaryarsa.

Mafi wuyar sha'ani shi ne ɗan'uwa, domin shi ba ya zuwa ofis. A masallaci yake tare mutum bayan sallama, ko wurin ɗaurin aure, ya rage murya: "Yaya, maganar nan tamu fa?" In abin ya ƙi, ya bi ta wurin tsohuwa, da dare saƙo ya iso cewa Hajiya ta ce a duba wa ɗan Baffa takardarsa. Babu sakin layi a dokar kuɗi da ya tanadi amsar wannan.

Akwai lokutan da dukansu suke haɗuwa: jajibirin Sallah, ƙarshen Disamba da ake rufe littattafai, da kuma shigowar sanyi. Kusan kowane ɗan kwangila a nan yana da 'yar fadamarsa, kuma taki da iri da man injin ban ruwa na alkama da shinkafar rani ba sa jiran sa hannun kowa.

Cikin ofishin ma ba a rasa nasu ba. Akwai mai sa hannu na ƙarshe, wanda kullum ya tafi taro Dutse. Akwai odita mai dawo da baucar miliyoyi saboda kwanan wata bai fito sosai ba, ya haɗa da kweri. Su kansu akantocin gida biyu ne. Na farko ya haddace "dawo gobe", yana kashe waya ranar 25 ga wata, yana fita ta ƙofar baya, kuma irinsa ne kan kai ritaya da ƙoshin lafiya. Na biyu mai bayani ne: yana buɗe wa kowa littafi ya nuna masa babu, yana cire kuɗin mota daga aljihunsa ya ba wanda ya taso daga Guri, yana ajiye maganin hawan jini a durowa ɗaya da hatimi. Baucar alawus ɗinsa ta tafiya Dutse tana cikin tarin masu jiran biya, yawanci can ƙasa, kuma in ya tambayi ma'aji labarinta, shi ma ce masa ake ya dawo gobe.