Yadda Ake Hawa Sama a Kamfanin Sayar da Shawara a Kuala Lumpur

To ƙanena, ka kammala karatu a Jami'ar Musulunci ta Gombak, ga shi wani kamfanin masu sayar da shawara ya ɗauke ka. Barka da arziki. Matso kusa ka ji.

Fara da sanin sana'ar. Za a tura ka wata babbar ma'aikata, ka yi makonni kana tambayar ma'aikatanta abin da ke damunsu. Za su faɗa maka ciwon, har da maganin. Kai kuwa sai ka kwashe ka zuba a PowerPoint, shafi tamanin, da kibiyoyi da akwatuna masu launi, ka kai wa shugabansu, ya biya maƙudan ringgit yana sa albarka. Boka ma haka yake yi, sai dai shi ba ya sa kwat.

Tun 1 ga Janairun 2023 dokar ƙwadago ta Malesiya ta rage awoyin aiki daga 48 zuwa 45 a mako. Ka girmama dokar nan, ka cika awa 45 ɗinka kafin daren Laraba, sauran kwanakin kuma sadaka ce. Kada ka kuskura ka riga manaja tashi. In fita ta zama dole, rataye kwat a kujera, bar kwamfuta a kunne. Da ma in ruwan la'asar ya tsuge, titin Tun Razak ya cushe, ina za ka?

Sai sarauta. Mu da muka fito daga ƙasar Alhaji Dakta Injiniya ba ma buƙatar dogon darasi. Akwai Datuk, sama da shi Tan Sri, can ƙololuwa Tun. Matar Datuk Datin ce, ta Tan Sri kuwa Puan Sri. Ka kira Puan Sri Datin, kwangila ta bi ruwa. In an miƙo maka kati, karɓa da hannu biyu, ka tsura masa ido kana gyaɗa kai, ko da lambar waya kawai kake karantawa.

Amma fa ƙarin girma ba a ofis ake yanka shi ba. A mamak ake yi, shagunan abincin nan na Musulmi 'yan asalin Indiya, da yawansu ba sa rufewa dare da rana. Ƙarfe sha ɗayan dare manaja zai ce a je a sha teh tarik, shayinsu na madara. Ko barci na fizgarka, ka ce da ma yunwa kake ji. Zauna a kujerar roba, yagi roti canai ka tsoma a miya, ka kalli mai shayi yana ɗaga shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa (na Sabon Gari ba zai ga abin mamaki ba). Ana nuna ƙwallon Ingila a bango. Kafin ka yi ihu, gano ƙungiyar manaja. In Liverpool yake so, son da kake wa Arsenal ya zama sirri tsakaninka da Mahaliccinka.

Da sabuwar shekarar Sinawa za a kewaye faranti guda na yee sang, ɗanyen kifi da yankakken kayan lambu, kowa ya sa tsinke yana cilla shi sama, wai gwargwadon tashinsa gwargwadon arzikinka. Cilla da ƙarfi, amma naka ya tsaya ɗan ƙasa da na maigida. In an ba ka durian, ɗan itacen nan mai wari, riƙe numfashi ka haɗiye, ka nemi ƙari.

A wannan sana'a, ko ka hau ko ka sauka. Ba a tsufa a mataki ɗaya. In shekaru sun ja ba a ɗaga ka ba, kada ka tada hankalinka. Wata ma'aikatar da ka taɓa ba shawara za ta ɗauke ka. Ranar da ka zauna daram, sai ka ɗauko tsohon kamfaninka haya, ka kira manajan nan ƙarfe shida na yammacin Juma'a, ka ce launin kibiyoyin bai yi maka ba, kana son sababbi kafin safiyar Litinin.