Juyen Farko: Ina Za Ka Kai Sabuwar Motarka?

Ranar da ka shigo layinku da sabuwar mota, kujerunta a cikin leda, ranar za ka san cewa unguwarku cike take da injiniyoyi. Mai shayi ya san baƙin man da ya dace da ita. Ladan yana da ƙani a Ƙofar Ruwa. Kawunka, wanda rabonsa da sitiyari tun zamanin Fijo 504, zai zagaya ta sau biyu, ya ɗan doki taya da ƙafa, ya ce, "Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. To ɗana, wa zai riƙa duba maka ita?" Kowa da bakanikensa, kuma kowane ɗaya babu kamarsa daga nan har Legas. Ka karɓi addu'ar hannu bibbiyu, ka ba yara na alewa. Shawarar kuwa ka sa ta a aljihu tukuna.

Bari mu fara daidaitawa a kan kalmar "sabuwa", domin a wajenmu sabuwar mota iri uku ce. Akwai ta leda, wadda kai ne mutum na farko da ya zauna a kujerarta da sunan mai ita. Akwai 'yar Kwatano, wadda wasu ke ce wa tokumbo ko Beljiyam, ta gama shekara goma tana yawo a titunan Amurka ko Jamus kafin ta hau jirgin ruwa. Sai kuma wadda a hannunka ne kawai take sabuwa, maƙwabta duk sun san ta a ƙofar gidan wani. Duka ukun Allah sanya alheri iri ɗaya ake yi musu, amma ba wuri ɗaya ake kai su ba. Maganata a kan ta farko ce, domin ita kaɗai ke zuwa da garanti.

Ka miƙa hannu ka buɗe akwatin nan na gaban kujerar mai zaman banza. Za ka tarar da littattafai biyu. Ɗaya mai kauri ne, yana bayanin motar tun daga fitila har taya. Ɗayan siriri ne, shafukansa cike da gurabe da ke jiran hatimi. Yawancinmu muna barin su a ledarsu har ranar da za mu sayar da motar, mu nuna wa mai saye mu ce, "Duba, ko taɓa su ba a yi ba." To wannan siririn, duk ƙanƙantarsa, ya fi sifeyar taya daraja. Kamfanoni da yawa suna ba da garantin shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, wasu ma sun fi haka. Alkawari ne cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira, su za su gyara da kuɗinsu. Sharaɗinsu shi ne ka riƙa kawo ta sabis a kan lokaci, a wurin da suka amince da shi, a buga hatimi.

A littafin nan za ka ga ranar zuwanka na farko. Wasu motocin ana so a duba su a kilomita 1,000 ko bayan wata ɗaya, wasu sai 5,000, wasu 10,000. Kada ka ɗauki lissafin abokinka, tasa daban taka daban. Kuma kada ka ga 1,000 ka ce da sauran lokaci. Mai sabuwar mota ba ya zama. Yau gaisuwar surukai a Zariya, gobe ɗaurin aure a Kaduna wanda da can sai dai ka aika da uzuri. Kano zuwa Kaduna sau biyu, zuwa da dawowa, ka cinye sama da 900.

Me ya sa ake matsa wa juyen farko haka? Sabon inji ƙarafunansa ba su gama sabawa da juna ba. A kwanakin farko suna goguwa, suna zubar da 'yan ɓurɓushi ƙanana da ido ba ya gani, baƙin mai ya kwashe su, filta ta tare abin da ta iya. Injinan yanzu an fi goge su tun a masana'anta, shi ya sa wasu kamfanonin ba sa gaggawar juyen, amma dubawar tana nan: a ga ko wani noti ya saki, ko wani wuri yana tsatsafo, ko birki da sitiyari suna yadda ya kamata. In akwai aibun ƙira, nan ne yake fara leƙowa, kuma gara ya leƙo a gaban waɗanda za su biya.

Wani abu da nake so ka duba da kyau: yawancin littattafan suna da jadawali biyu, na tuƙi cikin sauƙi da na tuƙi cikin wahala. Karanta abin da suke kira wahala, sai ka rantse wanda ya rubuta ya taɓa zama a garinmu. Ƙura, zafi mai tsanani, gajerun tafiye-tafiye, daɗewa a cunkoso inji yana aiki mota ba ta motsi. Ƙurar hunturu ta ishe mu shaida, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ga cunkoson Kantin Kwari da yamma. Jadawali na biyu shi ne namu, kuma ya fi na farko gajarta.

Saboda haka, muddin garanti yana da rai, garejin da kamfani ya amince da shi za ka nufa. Na faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Sai dai ka tabbatar shi ne ɗin, domin fenti ba shi da tsada, kowa yana iya zana tambarin kamfani a jikin katangarsa ya ƙara da "ƙwararru" a ƙasa. Waɗanda suka sayar maka da motar za ka tambaya, su faɗa maka wuraren da hatiminsu ke aiki. Idan babu a garinku, sai a Kaduna ko Abuja, ka shirya tafiyar, ka haɗa ta da ziyarar 'yan uwa. Kuɗin man zuwa da dawowa bai kai kuɗin giyabos ba.

Za ka tarar da wurin tas-tas, ga sanyin na'ura, ga talabijin, ga kujera mai laushi, wataƙila har da shayi. Kada laushin kujera ya sa ka gyangyaɗi. Tun kafin su taɓa motar ka ce a rubuta maka abin da za a yi da kuɗin kowanne, ka buɗe littafinka ka gwada. In ka ga an saka wankin inji da wani ruwa na musamman, ko maganin da ake zubawa a tanki, ga mota ko wata biyu ba ta yi ba, ka tambaya cikin fara'a, "Ɗan'uwa, wannan a wane shafi yake?" Abin da babu shi a littafi kana da ikon cewa a bar shi. Tambayi kuma ko sabis ɗin farko kyauta ne, domin wasu dillalan suna yafe kuɗin aiki, mai da filta kawai za ka biya, amma ba kowa ne zai tuna maka ba. In sun gama, ka leƙa da idonka: ka zaro sandar awon mai ka ga sabo ne, ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu, ka duba ƙasan motar ko akwai ɗigo. Sannan hatimi, da kwanan wata, da adadin kilomita, da rasit. Kada ka fita ƙofar nan sai da su, ko da an kira sallar Magariba. Yi sallarka a wurin ka dawo ka karɓa.

Wani maƙwabcina, mutumin kirki, ya sayi tasa ta leda. Ya ce shi ba zai kai kuɗinsa wurin masu sanyin na'ura ba alhali yana da aboki mai gareji. Bayan kamar shekara guda inji ya fara shan mai, wata fitila ta kama a gabansa ta ƙi mutuwa. Sai ya tuna da garanti, ya ce in raka shi. Saurayin da ke kan tebur ya gaishe mu da ladabi, ya ce, "Yallaɓai, ina littafin sabis?" Maƙwabcina ya zaro shi da alfahari, ya ajiye a hankali kamar ƙwai, ya ce, "Ga shi nan, ko ledarsa ban ɓare ba." Yaron ya juya littafin, ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai Yallaɓai matsalar ke nan." Har muka iso gida bai ce uffan ba, rediyo ma bai kunna ba. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, domin na san irin shekarun da ya yi yana tara kuɗin motar nan.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar: bakanikenka na tun fil azal. Wanda ya taso da daddare ya same ka a hanyar Wudil da fitilar hannu a baki. Wanda ya yi maka aiki bashi sau ba adadi, ya zo sunan 'yarka, yake jin ƙarar inji daga nesa ya ce fulogi na uku ne. Mutanen nan, daga Kwakwaci har Fanteka ta Kaduna, har Apo ta Abuja, su suka riƙe motocin ƙasar nan a kan titi, kuma ban yarda kowa ya raina su a gabana ba. Da yawansu sun koyi aikin kwamfuta, sun sayi na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta. Amma hatiminsa ba ya aiki a littafin nan, kuma akwai wasu ɗabi'u uku da hannun tsofaffin ma'aikata ya saba da su, waɗanda sabon inji ba ya so.

Ta farko, mai kauri. Zai ɗiga man da kamfani ya ce a yatsa, ya murza, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, wannan ai ruwa ne, na ƙasar sanyi ne. Zafin nan namu sai mai jiki." Sai ya kawo 20W-50, wanda ya yi wa 504 da ire-irenta hidima shekara da shekaru. Lambobin nan suna da ma'ana: ta farko tana nuna yadda man ke gudu in inji yana da sanyi, ta biyu kaurinsa in ya ɗau zafi. Yawancin injinan yanzu an ƙera su da 'yan hanyoyi matsattsu, kuma da ƙarfin man suke sarrafa lokacin buɗewar bawul, shi ya sa za ka ga an rubuta 0W-20 ko 5W-30, sau da yawa a kan murfin da ake zuba man. Mai kauri yana jinkirin isa saman inji da safe, lokacin da aka fi buƙatarsa. Kamar ka ba jariri tuwon dawa ne don ka ga ya ƙosar da babansa.

Ta biyu, cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, wai kada mota ta yi zafi. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. In aka hana shi kaiwa can, sai ya ƙara shan fetur, ya riƙa cin kansa a hankali. Ta uku kuwa ruwan rijiya a lagireto, ko ledar fiya wata biyu. Ruwan nan mai launi da motar ta zo da shi ba don ado aka rina shi ba, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jure zafi kafin ya tafasa. In kuma wani, ko wane ne, ya ce maka a cire "indomi" daga salansa don mota ta ƙara gudu, ka riƙe makullinka da kyau. Abin nan tace hayaƙi yake yi, a cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, kuma akwai masu sayensa a kasuwa.

Ramin juye na gidan mai, da mai durom a bakin titi da ke aunawa da gwangwani, ba sai na tsaya a kansu ba. Man da ba a gabanka aka ɓalle murfinsa ba, kada ya shiga cikin motarka.

Kada kuma ka aiki direba, ko babban ɗanka da ya samu lasisi jiya. Zuwa da kai ya fi aike. Yaron zai dawo maka da labari mai daɗi, tanki ya yi ƙasa, littafi yana gida a kan talabijin.

Mai 'yar Kwatano, kai babu garantin da ya ɗaure ka, sai ka nufi amintaccen bakanikenka tun makon farko. A juye mai, a canza filta, a duba man giya da na birki da belt, domin ba ka san yaushe rabonta da su ba. Ka lura kuma, in daga Amurka ta fito, agogonta mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. In ta nuna ta yi 5,000, to 8,000 ta yi.

Saura aiki mafi nauyi, wato yadda za ka gaya wa bakanikenka. Kada ka ɓuya, kada ka riƙa canza layi don kada ya hango ka. Tun ranar da aka sauke motar a Apapa labari ya kai masa. Ka je da kanka da hantsi, ka riƙe masa goro ko lemo mai sanyi, ka faka a gaban garejin, ka buɗe masa bonet ya gani ya sa albarka. Ka gaya masa gaskiya: kamfani sun ɗaure ka da takarda na shekara 3, amma motar uwargida tana hannunsa, haka tsohuwar da za ka bar wa ƙaninka. Da wani ɗan'uwana ya yi haka, tsohon ya daɗe yana kallon injin, hannayensa a baya kada ya ɓata shi da baƙin mai. Ya kira yaransa ya nuna musu inda filta take. Sannan ya rufe bonet ɗin a hankali, ya goge wurin da gefen rigarsa, ya ce, "Ba komai Alhaji, kai ta can su buga hatiminsu. Shekara uku kamar gobe ne. Ni dai ka riƙo mini littafin nan mai kauri in ka gama karantawa, ina so yaran nan su duba."