Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ɗan Jirgin Ja na Tashar Apapa

Ranka ya daɗe Sarkin Ja,

Bayan gaisuwa da fatan an tashi lafiya, in dai kana raye. Daren jiya ɗigonka ya ɓace daga taswirar wayata ba ko sallama. Da asuba sai ga ka, wai kana tsaye a kan tudu, bayan katangar tasha. Yaushe aka sa maka taya?

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Kwantenar atamfata na kan wani ƙaton jirgi da ya jefa anga a wajen mashigar Legas, kuma duk girmansa ba ya iya matsawa gaɓa sai kai ka ja, ɗan'uwanka ya tura. Dalilinka na yi karatun da ban nema ba. Na san na'urar AIS, na haddace lambarka mai alƙaluma 9, na san ana shelar inda jirgi yake ta rediyo duk daƙiƙa 2 zuwa 10 in yana tafe, duk minti 3 in ya jefa anga. Minti 3, ranka ya daɗe, ba dare guda ba!

Manhajar taswirar kuwa ta ce in biya kuɗi ta nuna mini bayanan tauraron ɗan'adam. Ita ma Allah na gani.

Amma babban laifinka yawo. Apapa zuwa Tin Can, Tin Can zuwa Apapa. Ka rako jirgin mai, ka rako na alkama, ka rako na motoci, ka leƙa bakin mashiga har zuciyata ta buga, sannan ka juya abinka. Layin da kake zanawa a taswira sak sawun akuya a turke. Gurbin da ake rubuta inda jirgi ya nufa, wanda da hannu ake cikewa, naka bai taɓa sauyawa ba tun da na fara bin ka. Ko kai ma ba ka sani ba ne?

A 2021 'yan'uwanka suka taru a mashigin Suwez suka ciro jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, bayan ya kwana 6 a kafe. Kai wa ya ce ka ciro wani daga yashi? Haba! Sallah ta matso, mai bina bashi ya fara aiko yaro shago, kai kana can kana kewaya ruwa.

Je ka jawo jirgin da ke ɗauke da kwantenata. Koren ɗigon nan ne da ya fi kowa daɗewa a wurin.