Ire-iren Manoman Buhu a Lakwaya

Noman buhu shi ne shuka kayan miya a tsakar gida, cikin buhun siminti ko na taki, tsohon bokiti, yankakkiyar jarka ko tayar mota. A Lakwaya da maƙwabtanta na Gwarzo da Kabo, yakan sami magoya baya daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da tumatirin rani ya ƙare, farashi ya hau. Ƙa'idojinsa kaɗan ne: ƙasar jigawa haɗe da ruɓaɓɓen taki, huji a gindin mazubi, hasken rana na aƙalla awa 6, da ban-ruwa safe ko yamma. Ma'abotansa sun kasu gida shida.

Na farko shi ne Mai Zumuɗi. Ba ya huda bokiti, ga shi da ban-ruwa sau biyar a yini. Idan saiwa ta ruɓe, ganye ya yi rawaya, sai ya ce ƙishirwa ce, ya ƙara ruwa. Ɗanyen kashin kaji yake zubawa a gindin dashe, in ya ƙone ya ɗora wa mai sayar da iri laifi.

Na biyu Malamin Waya. Ya haddace lambunan Turai a YouTube, yana kuma iya ba da tarihin tsutsar tuta absoluta da ta cinye tumatirin Kano a 2016. Sai dai salak yake shukawa cikin zafin Afrilu, alhali hunturu ne lokacinsa. Hotunan lambunsa sun fi amfanin yawa.

Na uku Sarkin Yaƙi. Abokiyar gabarsa akuya ce, galibi ta gidan. Yakan kewaye buhu huɗu da ƙaya da tsohon gidan sauro, ya ɗora wasu kan bulo. Ranar da ya tafi cin kasuwar Getso, yaro ya bar ƙofa a buɗe, yaƙin ke ƙarewa. Zama na gaba a zauren mai unguwa ake yin sa.

Ta huɗu 'Yar Gasa. Ba miya ce ta dame ta ba, abokiyar zamanta ce ta jera buhu uku na attaruhu, don haka dole ita ta jera bakwai. Ba a tsinkar nata ko ya nuna, har sai baƙi sun gani.

Ta biyar Mai Girbi Ba Shuka. Takan shigo da sallama mai tsawo, ta yaba lambu, ta ce, "Yaya, ɗan alayyahun nan fa zai tsufa." Ta fi mai lambun sanin ranar da kuɓewa za ta isa tsinka.

Ta shida ita ce Iya, tsohuwar gidan. Fasasshiyar tukunya ce gonarta, ruwan alwala ne ban-ruwanta. Yakuwa, rama da lalo take shukawa, masu jure zafi. Idan ƙwari suka sauka, ta barbaɗa toka ko ta yayyafa jiƙon ganyen darbejiya. Ba ta taɓa kiran abin lambu ba.

Biyar na farko su ne masu ba da labarin noman buhu a dandali da gidan suna. Amma idan aka bi diddigin ganyen da ke shiga tukunyar miya, kusan duka daga wurin Iya yake fitowa.